Masu Farin Kaya

Inna ba neman kuɗi ta zo yi Saudiyya ba, mutuwa ta zo yi. Haka ta gaya mini ranar da jirgin alhazansu ya tashi ya bar ta zaune a ɗakina a unguwar Karantina ta Jidda tana jan carbi. Ta ce tunda ta ga Makka da idonta, ba mai mayar da ita a binne ta a bayan gari inda awaki ke kiwo. A Makka za ta cika, halas, magana ta ƙare. Ta ɗauka abin na 'yan watanni ne. Sai ga ta shekara da shekaru tana sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka da ke nan Jidda, lafiyarta ƙalau, in askarawa masu kamen baƙi suka ɓullo har ta fi ni gudu.

Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" nake, in ta ji daɗina kuma "'yar nan". A Jidda muke zaune domin a nan nake aikatau, kuma daga ni har ita babu mai iƙama, takardar zama ke nan.

Da ciwon ya zo, a ciki ya zo mata, ya cinye ta a hankali. Likitan wani ƙaramin asibitin kuɗi ya duba, ya sake dubawa, ya ce magani ya ƙare, mu kai ta gida mu lallaɓa ta, abin da ya rage shi ne kada ta ji zafi. Wata nas, Bahaushiyar Sudan, ita ke biyowa bayan ta tashi aiki ta yi mata allura.

A nan lissafi ya cakuɗe mana. Makka ba nisa, tafiyar awa guda ce, amma akwai shingen bincike a hanya. Mai rai marar takarda ana iya ɓoye shi a mota a yi sa'a. Gawa marar takarda kuwa ba ta wucewa, in Inna ta cika a Jidda, a Jidda za a binne ta. Zama a Makka mu jira kuma ba wuri, sai ɗakin wata 'yar uwa da mai gidansu ke ƙirga takalman bakin ƙofa, kwana ɗaya yake ɗaga wa baƙo ƙafa. Ke nan sai mun kai ta daidai lokacin, ba da wuri ba, ba a makare ba. Na tsare nas ɗin na ce ta gaya mini yadda ake ganewa.

"Ya ukhti, wallahi wannan ilmin Allah ne," in ji ta. "Bas, abin da na sani dai, barci zai yi yawa, ta bar abinci. Ƙafa ta yi sanyi har gwiwa. Numfashi ya riƙa tsayawa, ki ce halas, sai ya dawo. Wasu kuma suna ganin mutanen da ke ba ki gani."

Ba ta rufe baki ba Hajiyar sama, maƙwabciyarmu ta saman bene, ta shigo. Ita ce mai wankan gawar matan unguwarmu, kuma ta ɗauki maganar nas a matsayin shiga gonarta. Ta ce ita da ta wanke mata ba adadi ba sai yarinya ta koya mata ba. Na so in ce mata ai duk waɗanda ta wanke sai da suka gama mutuwa aka kira ta. Daga ranar kullum da safe sai ta sauko da likkafani a jaka, ta yaye zanen Inna ta damƙi ƙafarta.

"Hajiya, in sanyi kike nema ga firji can," Inna kan ce mata.

Wata safiya Hajiya ta taɓa ƙafar, ta ɗago ta dube ni, ta ce a kira Kawu. Kawu ƙanen Inna ne, shi kaɗai ne mai iƙama a danginmu, yana tuƙa motar rarraba kaya ta wata masana'antar takardar goge hannu. Muka kwantar da Inna a baya tsakanin kwalaye, ni da Hajiya muka raɓe, muka wuce shingen ba wanda ya leƙa. A ɗakin 'yar uwar nan Inna ta buɗe ido ta ce ina ne nan, na ce Makka. Ta yi hamdala, ta juya ta fuskanci alƙibla, ta rufe ido. Muka zauna muna jira. Bayan la'asar ta buɗe ido ɗaya ta ce a samo mata burodin tamis da shayi mai madara. Da muka dawo Jidda na lura ashe ni ce na juya katifarta lokacin da nake shara, ƙafafunta suka kwana a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Karo na biyu hanci ne. Hajiya ta ce hancin Inna ya karkace, kuma in hanci ya karkace an gama. Na ce Hajiya, wannan hancin gidanmu ne. Kawu ya nuna nasa, na nuna nawa, duk gefe ɗaya suka kwanta. Amma waye zai yarda a ce shi ya hana? Muka sake shiga kwalaye. Inna kuwa ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah. Ta yi kalmar shahada har muryarta ta dushe, ta yafe wa kowa, ta raba zannuwanta, daga nan sai minshari. A hanyar dawowa ta yi ta kuka tana cewa ta wahalar da mu a banza. Na ji haushi, na kuma ji daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba, ga uwata da rai tana fyace hanci da kayan masana'anta.

Kawu ya rantse ba zai sake tayar da mota ba sai ya gani da idonsa, domin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya fara tambayar wa ke sayen takardar goge hannu a Makka haka.

Ranar da abin ya zo, Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Inna ta kwana biyu ba ta cin komai, sai zamzam da nake ɗiga mata da auduga. Ɗaki cike da mata 'yan dubiya, Kawu na zaune a bakin ƙofa yana shan shayi, ga zafi, domin tun safe aka ɗauke wuta. Sai Inna ta buɗe ido tar, ta yi magana da muryar da na daɗe ban ji ba.

"Ga su nan sun zo."

"Su wa, Inna?"

"Masu farin kaya. Suna ƙofar gida. Sun ce in taso mu tafi gida."

Wanda bai zauna a Karantina ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Askari mai kaki kana hango shi daga nesa. Na farin kaya kuwa, wanda ke zuwa cikin jallabiya kamar kowa, sai ya riƙe hannunka kake sani. Tafiya gida kuma a wurinmu ma'anarta ɗaya ce, a tattara ka a zuba a jirgi da kayan jikinka. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda matar da ba ta iya juyawa a katifa ta hango ƙofar gida ta cikin bango.

Kafin in ɗago kai ɗaki ya watse. Wata ta bar takalmi, wata ta bar goyo ta dawo ta fizge shi. Na ji ana hawa soro, ana dirowa bayan gida. Hajiya, da jiki bai ba ta damar tsallake katanga ba, sai ta zaro likkafanin Inna daga jaka, ta miƙe a tsakar gida ta lulluɓa har kai, wai ba a kama gawa. Kawu kuwa ya cika wandonsa da iska, da makullin mota a aljihu.

Ni ma na yunƙura, amma Inna ta riƙe bakin zanena. Na ce to shi ke nan, in kamu ne a kama mu tare. Na zare hannunta a hankali, na tsallake Hajiya, na je ƙofa ina haɗa ɗan Larabcin roƙo a bakina. Na buɗe. Ba kowa a lungun sai rana da wata kyanwa a kan bola.

Na dawo na durƙusa na ce Inna ba kowa. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, kamar kullum tana faɗarsa.

"Ba ki da kunya ne? Ki ba su wuri su zauna mana."

Na tuna maganar nas ta ƙarshe, wadda Hajiya ta katse. Na kai hannu ƙafarta, sanyi ƙalau har gwiwa, a ɗakin da ba wuta tun safe. Na kasa kunne, numfashin ya tafi, ya daɗe, sannan ya dawo.

Na fita a guje neman Kawu. Kuskurena ke nan, domin duk wanda ya hango ni ina gudu sai ya ƙara mai, har waɗanda suka fara leƙowa daga maɓoya suka koma. Ina ihu ba askarawa ba ne, su kuma kalmar askarawa kaɗai suke ji. Da ƙyar na same shi a shagon aski, an yafa masa ƙyalle, fuska duk kumfa, mutumin da ko gemu ba shi da shi.

"Kawu! Kai da kake da iƙama, gudun me kake yi?"

Ya shafa aljihu, ya ce, "Af!" Ya yi shekara da shekaru yana gudu kafin ya samu takardar, ƙafarsa ba ta samu labari ba.

Muka tashi Hajiya daga cikin likkafani, muka ɗauki Inna, ba ta fi nauyin yaro ba. Wannan karon sa'a ba ta bi mu ba. A shingen aka tsayar da mu, na ji ana buɗe bayan mota, haske ya shigo. Askari ne na gaske, mai kaki.

"Iƙama," ya ce.

Ya dube ni, ya dubi Hajiya rungume da likkafani, sannan ya dubi Inna. Ya tsaya yana sauraron numfashinta, ya tafi, ya dawo da ƙara a maƙogwaro. Sai na ji ya yi salati a hankali. Ya rufe ƙofa, ya bubbuga jikin motar da ƙarfi, yana cewa yalla, yalla.

Daga shingen zuwa alamar iyakar Harami akwai 'yar tazara, kuma a cikinta numfashin ya tafi bai dawo ba. Na jira. Na girgiza hannunta. Hajiya ta yi salati ta miƙo hannu za ta shafe mata ido, na buge hannun.

"Hajiya, sau biyu kina kashe ta. Wannan karon ki bari."

Kawu na tuƙi yana kuka, yana leƙowa ta 'yar tagar da ke tsakaninmu. "Ga alamar can! Yaya, ki daure, ga ta can!" Kwalaye na zubo mana a ka. Sai ya daki sitiyari ya ce mun shiga, wallahi mun shiga.

Na kai bakina kunnenta na ce, "Inna, Makka."

Ta ja numfashi. Guda ɗaya, dogo, ta sake shi a hankali a gefen fuskata, shi ke nan.

Hajiya har ta koma ga Allah tana cewa ba numfashi ba ne, mota ce ta faɗa rami. Ban taɓa yi mata gardama ba. Ita tana wajen ƙafa, ni ce kuncina ke bakin Inna.