Yadda Gugan Roba Ya Sami Mazauni a Kasuwarmu

An ce ba za ta yiwu ba. Haka dattawan ƙofar masallacinmu suka yanke, haka mata suka riƙa maimaitawa a bakin rijiya, haka kuma wan mahaifina ya faɗa masa a gaban jama'a: manomi ɗan manomi ba ya wayar gari da sana'ar hannu. Ƙira ta maƙera ce, ɗinkin fata na dukawa ne, kowa a zanen goyo ya tarar da tasa. Wanda gona ta gaza masa kuwa, a ƙasarmu ta Adar, hanya ɗaya aka san masa, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, bayan girbi ya tafi biɗa, wato cirani, bakin teku, ya komo idan Allah ya komo da shi. Ni da nake rubuta wannan bayan na ajiye alli da allon lakwal, wato makarantar boko, har yau idan na gifta wurin masu facin taya, rana ta gasa roba, warin ya bugi hancina, sai in ga tsakar gidanmu da mahaifina a zaune, wuƙa a hannu, yana yi wa wannan magana gardama ba tare da ya buɗe baki ba.

Garinmu yana gindin dutse ne, a ƙasar Buza, inda tudu yake baƙin tsakuwa, kwari kuma yake laka mai ruwa kusa. A farkon shekarun saba'in babban fari ya bi ta kanmu. Ba zan tsaya bayaninsa ba, waɗanda suka gani ba su son a tuna musu. Abin da ya shafi labarina shi ne, a shekarar da ruwa ya komo, mun yi girbi, amma garke ya ƙare, rumbu bai cika ba, mutane kuma suka juya ga fadama da ƙarfinsu, kowa yana haƙa ƴar rijiya domin dashen albasa. Rijiya kuwa sai da guga. Wasaki, gugan fata da muka gada, ya yi wuyar samu, domin shanun da za a fiɗe ba su nan, ƙwarya kuma ba ta jure ɗiban yini guda.

Mahaifina ya taɓa zuwa biɗa sau ɗaya tun ina goye, ya komo da rama da tari, ya ɗaura niyya a ransa ba zai sake barin tsohuwarsa da iyalinsa ba. A can ne ya ga ana yanka robar cikin taya ana ɗinka guga da ita. Ya kuma lura cewa manyan motocin da suka yi ta jigilar hatsin agaji sun bar tarin fasasshiyar roba a tashar Madawa, ba mai kula da ita. Ya sayar da akuyar da ta rage wa mahaifiyata, da yardarta, ya je ya komo da jaki ɗauke da baƙar roba, yara suna bin sa suna toshe hanci.

Mutum ne mai son abu a kan ƙa'ida, ina jin daga gare shi na gaji wannan hali da ɗalibaina suka daɗe suna kuka da shi. Ya ce ba zai fara sana'a a ɓoye ba, kamar mai sayar da kayan sata. Ya yi tambaya, aka ce masa duk mai sana'a sai ya biya patanti, wato harajin sana'a na shekara, a bariki. Da ya je Buza aka ce masa patanti ba ya fita sai da katin shaidar ɗan ƙasa, kati ba ya fita sai da takardar haihuwa, shi kuwa ranar da aka haife shi ba wanda ya riƙe alƙalami. Sai ya komo ya ɗauki dattawa biyu su yi masa shaida a gaban alƙali. Tun daga bakin gari suka soma musu, ɗaya ya ce shekarar fara aka haife shi, ɗayan ya ce ai shekarar fara yana rarrafe, har ya ci guda. A gaban alƙali ma ba su daina ba, sai da ya raba musu gardama da kansa, ya zaɓi shekarar da ke tsakani. Aka ɗauki hotonsa a Madawa, ya fito fuska a ɗaure kamar wanda aka kama da laifi. Da aka zo wurin patanti, komi, wato magatakardan bariki, ya tambaye shi sana'arsa. Ya bayyana. Komin ya duba, bai ga wurin masu ɗinkin roba ba, ya ce tunda dai ɗinki ne da basilla, bari ya haɗa shi da masu aikin fata. Mahaifina bai ga aibu ba. Ya biya, aka buga hatimi, ya komo gida yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

Kasuwarmu ranar Talata take ci. Ya ɗauki gugunansa ya tafi wurin sarkin kasuwa, ya miƙa takarda, ya nemi mazauni. Sarkin kasuwa ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar masa cikin ladabi. Ya ce takarda ta ba shi izinin sana'a, wannan ba musu, amma ba ta faɗi inda zai zauna ba. Kasuwa sahu-sahu ce: maƙera da nasu, mahauta da nasu, mata masu tabarmar kaba da nasu, kowane sahu da mai shi. Idan gwamnati ta ce shi baduku ne, to sahun dukawa yana da sarki, shi ba zai zaunar da kowa a can ba bisa kansa. Sarkin dukawa kuwa, wani tsoho mai kaurin yatsu wanda ya yi wa rabin garin takalman aure, labari ya riga ya kai masa cewa wani ɗan manomi ya je bariki an naɗa shi baduku. Bai aiko a zaunar da shi ba. Hakan ya ishi kowa jawabi.

Saboda haka mahaifina ya shimfiɗa buhunsa a bayan kasuwa, inda ake ɗaure jakuna. Mai yankan tike bai manta da shi ba, duk Talata sai ya karɓi kuɗin kasuwa, amma masu saye sai su tsaya daga nesa, su duba, su wuce. Babu mai son ranar da zai kai gyaran sirdi ko ɗinkin laya wurin dukawa a tambaye shi inda ya sayi gugansa. Kasuwa bayan kasuwa yana komowa da kayansa yadda ya tafi da su. Sanyi ya shigo, masu dashe suna ta neman guga, nasa suna rataye a zaure. Kamiyo yana zuwa yana kwasar maza. Wan mahaifina ya zo ya ce ya kama masa wuri a motar ƙarshe, wadda za ta tashi bayan Sallar Layya, ya ce wasa ya isa haka, hatsin rumbu ba zai kai mu bazara ba. A wannan karo mahaifina bai musa ba. Na ga mahaifiyata ta fito da tsohon bargonsa na tafiya ta shanya, ba ta dubi kowa ba.

Kakata, mahaifiyarsa, ita ce ta yi magana. Tsohuwa ce mai ƙarancin zance, tana zaune kullum a jikin katanga wajen da rana ke fara sauka, tana tufkar igiya. Washegarin Salla ta kira shi, ta ce masa kuskurensa shi ne ya fara gaisuwa daga gida mai nisa, ya tsallake na kusa.

"Kumandan mai bariki ba ya sayen guga," in ji ta. "Ka ɗauki hwatar layyarmu da goro ka tahi wurin tsohon nan, sarkin dukawa. Takardar kuwa ka bar mini ita nan, ba ta san hanyar gidansa ba."

Ya ce shi bai yi wa kowa laifi ba, doka ya bi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce ya ba da haƙuri ba, cewa ta yi ya je ya gaishe shi.

Ban je ba, amma na ji labarin daga bakinsu duka biyu, a shekaru daban-daban, kuma ba su saɓa ba sai a ƙananan wurare. Ya tarar da tsohon a zaurensa, fatun layya na gari duka tsibi a gefensa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya zo gaisuwa." Tsohon ya karɓi fatar, ya shafa bayanta, ya ce wanda ya fiɗe ta ya san wuƙa. Sannan ya tambaya ko an zo da abin da ake ta magana a kai. Mahaifina ya miƙa mafi kyawun gugunansa. Tsohon ya sa aka cika shi da ruwa, aka rataye a jikin ginshiƙin zaure, sai ya juya masa baya ya shiga wata hira. Ya tambayi lafiyar kakata. Ya yi zancen waɗanda fari ya ɗauke, da waɗanda suka tafi Tamaske neman aikin lambu, da yadda gero ya yi a Urno. Mahaifina yana amsawa, kunnensa kuwa yana wani wuri, domin ya fara jin ɗigo. Ruwa yana bin ɗinkin, yana sauka a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har ya yi ɗan tabki ya gangaro wajen tabarmar da suke zaune.

Tsohon ya janye ƙafarsa, ya ce, "Ɗan manomi, hatimin bariki bai hana yoyo ba?"

Mahaifina ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin kunya irin ta wannan hantsi ba. Guga ne da ya gwada a gida, amma cikawa yake yi ya zubar nan take, bai taɓa barin ruwa ya zauna a ciki ba. Ya yi niyyar tashi. Tsohon ya ce ya zauna. Ya sauke gugan, ya warware ɗinkin, ya nuna masa cewa roba ba fata ba ce, zare yana cin ta, kowane hujin basilla ƙofa ce. Ya yanko siririyar fata ya shimfiɗa a kan gaɓar ciki da waje, ya ɗinke su tare, ɗinki ƙanana a jere, yana yi yana faɗa, wai tun ranar da aka ce masa ana sayar da guga a wajen jakuna yake jin tsoron kada baƙi su saya su tafi suna cewa ɗinkin garinmu ne. Aka sake cikawa, aka rataye. Suka ci goro. Ginshiƙi ya bushe.

Sharuɗɗan da ya gindaya ba a zaure ya bar su ba, ya ce magana irin wannan sai da shaidu. Aka kira sarkin kasuwa da liman. Mahaifina zai yi guga da duk abin da roba za ta iya, amma ba zai taɓa takalmin fata ba, ko kube, ko sirdi. Fatar ƙarfafa ɗinki a wurin dukawa zai saya, ba a wata kasuwa ba. Zoben ƙarfen bakin guga na maƙera ne, kada ya lanƙwasa da kansa. Gugan da ya yi yoyo kafin a cire albasa, ya gyara kyauta. Patanti kuma ya ci gaba da biya a kan kari, domin idan aka zo kamun wanda bai biya ba, sahu duka ake kunyatawa. Liman ya yi fatiha, aka shafa.

Talatar da ta biyo baya muna hutun lakwal, na gani da idona. Tsohon ya zo da sandarsa, ya bi sahun dukawa har ƙarshe, daidai inda yake haɗuwa da na maƙera, ya ja layi a ƙasa, ya ce wa mahaifina nan ne. Sannan ya zaɓi guga ɗaya, ya yi ciniki mai tsanani kamar bai san mai shi ba, ya biya a gaban kowa, ya rataya a kafaɗa ya ratsa kasuwa da shi a hankali. Kafin la'asar buhun mahaifina ba komai a kansa. Washegari da safe kamiyo ya tashi. Wan mahaifina ya tafi, wurin da ya kama wa ƙanensa wani ya hau. Bargon ya koma ƙarƙashin gado.

A wannan mazauni mahaifina ya tsufa. Daga nan ya ciyar da mu, daga nan na kai kwaleji, daga nan ya yi wa mahaifiyarsa jinya har ya sa ta a kabari da hannunsa, abin da maza da yawa na zamaninsa ba su samu ba. Yau fadama injin ban-ruwa ke ruri a cikinta, wanda ba shi da inji kuma jarka yake yankewa ya ɗaura mata igiya. Sahun dukawa ya zama rumfunan kayan waya. Samari suna zuwa wurina in duba musu takardun buɗe sana'a, ina duba musu, domin doka abar girmamawa ce, sannan in tambaye su wa suka gaisar a inda za su zauna. Da yawa sukan dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni.

Babu ofishin da ya rubuta wannan rana, dattawan da suka shaida ta kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba zan ƙaga mata lambar kalandar Nasara ba, tunda ban riƙe ba. Amma ina son jikokina su ajiye ta yadda mu muka san ta: Talatar farko bayan Sallar Layya, a shekarar da ruwa ya komo bayan babban fari. Ranar ce mahaifina ya zauna a kasuwar garinsu, bai tafi ba.