Yadda Na Raba Tagwaye da Shekara Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron baya a wata ƙungiyar ƙwallo a kudu. Da gwiwata ta hagu ta lalace aka sallame ni, na dawo Dandamisa ba sana'a, sai suna. Samari, ga yadda abin ya tafi daki-daki.

Na farko, zaman banza. Kullum ina teburin mai shayi ina ba da labarin wasanni, ana kirana Kyaftin.

Na biyu, wani maƙwabci ya roƙe ni in rage wa ɗansa shekara ɗaya a takardar haihuwa don ya shiga gwajin 'yan wasa. Na san mai hatimin bogi. Na yi, ya wuce. Iyaye suka riƙa sallama da ni, na mai da abin sana'a.

Na uku, Malam Tanimu na ƙauyen Taba. Ya sayar da bijimin huɗarsa, ya kawo mini 'ya'yansa, Hassan da Husaini. Hassan ƙato ne, na rubuta masa sha bakwai. Husaini ɗan firit, na ba shi sha biyar. A wurin tantancewa jami'in ya jera takardun biyu, ya dube ni.

"Kyaftin, Hassan da Husaini, shekara biyu tsakani? Lallai mahaifiyarsu ta sha naƙuda."

Kowa ya yi dariya ban da tagwayen. Aka soke sunayensu, ni kuma na yi shekara uku a gidan yari.

Ranar da na fito, Taba na fara zuwa. Na tsuguna gaban Malam Tanimu na ce, "Baba, na cuce ka." Ya ce shi ma da ƙafarsa ya zo wurina, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Hassan ya ba ni hannu. Husaini ya amsa sallama, ya juya.

Yanzu ina dafa mazarƙwaila a Nasarawan Doya. Ina ci, ina barci lafiya, alhamdu lillahi. Duk ranar kasuwar Makarfi nakan miƙa wa Husaini hannu. Bai karɓa ba tukuna, kuma ban ga laifinsa ba.

Ku koyi sana'a tun gwiwa na da lafiya. Ku bar shekarunku yadda Allah ya ƙirga su. Alƙali ya yanke mini uku na gama. Hukuncin da Husaini ya yanke mini ban san ranar ƙarewarsa ba.