Wai Baba Ya Sayar da Ransa Saboda Tumatir

"Ai tumatirin babanku ba na Allah da Annabi ba ne."

Wata maƙwabciyarmu ce ta faɗa mini haka a Kura, ranar sunan ƙanwata, tana cin tuwonmu. Lokacin ina kwaleji, wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba. Wai Baba ya sayar wa Shaiɗan ransa, shi ya sa gonarsa ta yi kore shar, tasu ta bushe.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, a makaranta mun karanta labaran Turawa biyu kan masu irin wannan ciniki. Ɗaya ya tsinci zinare, ɗayan ya samu ilimi yana kwance. Ba wanda ya shiga ruwa har ƙugu yana sare ciyawa."

Ta ja tsaki.

A shekarar hanyoyin ruwa sun toshe. Da Baba ya nemi a yi gayya, mijinta ne ya fara cewa ai aikin gwamnati ne. Sati uku Baba ya yi shi kaɗai yana yashe hanyar ruwan da ta bi ta gonarsa.

Har ya rasu fason ƙafarsa bai warke ba.

Don Allah ku gaya mini, wane Shaiɗan ne zai sayi ran mutum kuma ya bar shi da fartanya?