Layin Mama Bai San Ta Rasu Ba

Jiya da safe ina shagona a Kafanchan, na buɗe kwamfuta don in duba lissafin wata, sai na ga wani layi ya fito da kansa: "Cefanen Mama, Kagoro."

Ni ina rubuta lissafina ne a fayil na rubutu zalla. Shekara huɗu da suka wuce na saka wa manhajar da ke karanta fayil ɗin umarni ta riƙa maimaita wannan layi na kuɗin da nake aika wa Mama duk ƙarshen wata. Akwai gurbin ranar ƙarewa, amma na bar shi fayau, domin ban taɓa kawo wa raina cewa zai ƙare ba.

Sati uku ke nan da muka binne Mama.

Na kira yayata Talatu.

"Yaya, layin Mama ya fito. Na kasa gogewa."

Ta ce, "Bitrus, ashe ba ka sani ba? Kuɗin nan biyu Mama take raba shi. Rabi na Mama Ladi ne, maƙwabciyarta da ba ta da kowa. Ran Lahadi na gan ta a coci, duk ta rame."

Na daɗe a zaune ina hawaye. Daga baya na daure na rubuta ranar rasuwar Mama a gurbin. A ƙasansa na buɗe sabon layi da sunan Mama Ladi.

Jama'a, ku wane alheri na iyayenku kuka gano sai bayan sun tafi?