Ɗinkin Hannu a Bakin Buhu

Ko da za a ɗebe mini duk abin da na sani a kasuwa, akwai rana guda da za ta tsaya daram a raina har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da na ci tuwo a wata gona a ƙauyen Zighan da ke kusa da Sabha, ina murmushi cike da kunya.

Ni ɗan kasuwa ne. Na shigo Sabha, birnin Larabawa a tsakiyar sahara, da jaka ɗaya a kafaɗa, na yi dako, na yi tallan shayi, har Allah ya sa na buɗe shagon kayan abinci: fulawa, taliya, mai da sukari. Ba na cuta a awo, amma kuma ban iya asara ba. In kaya ya kwanta mini, sai na san yadda na yi ya tashi. Da wannan halin nake taƙama, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

A wani lokacin sanyi aka kawo labari masallacinmu cewa wasu iyalai sun iso daga Sudan, yaƙi ya koro su. Hausawa ne, jikokin waɗanda suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Wani Balarabe mai gonar dabino a Zighan ya ba su ɗakunan ma'aikatansa, amma ba abinci, ba abin rufa. Bayan sallar Juma'a liman ya shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci, kamar yadda muka saba in za a yi karo-karo. Mai kuɗi ya ajiye, mai kaya ya faɗi abin da zai kawo. Na ga wani birkila ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora. Matan unguwar Sukra suka aiko da barguna.

Ni kuwa ina tsaye, hankalina yana can ƙuryar sitona, inda buhu goma na fulawa suka kwana biyu. Damshi ya taɓa su, ƙwari sun shiga, masu gidan burodi biyu sun duba sun ƙi saya. Sai na ɗaga murya na ce, "Malam, a rubuta mini buhu goma na fulawa." Wurin ya ɗauki kabbara. Liman ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, Allah ya maida da alheri." Na amsa da amin ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na gaya wa kaina cewa mai jin yunwa ba ya zaɓe, kuma in an tankaɗe ai zai ciwu. Amma da na yarda da maganar tawa, da ban rufe ƙofar sito na juye garin a sababbin buhuna ba. Na ɗinke bakinsu da hannuna, da basilla da zaren leda, na sa aka loda a mota.

Bayan mako guda liman ya ce mu je mu gaishe da baƙin. Mu huɗu muka tafi a motata: ni da shi da wasu dattawa biyu. Babban baƙin wani tsoho ne dogo, siriri, Hausarsa gauraye da Larabci. Ya tarbe mu a bakin gona, ya shimfiɗa mana tabarma inda rana ke faɗowa. Buhunana suna jingine a bango, an yafa musu tsohuwar leda. Sai na hango mata uku a bayan ɗaki, kowacce da rariya a cinya, suna tankaɗe, suna kauda kai suna watsar da abin da ya rage.

Ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon direba ne mai son ganin ƙwaƙwaf, ya miƙe ya nufi buhunan. "Bari in ga irin fulawar Alhaji," in ji shi, "ko ni ma in riƙa saye a wurinsa, in zai rage mini." Aka yi dariya. Sunan da na yi shekaru ina ginawa a Sabha yana cikin buhun nan, hannu ɗaya kawai zai zura.

Babban baƙin nan ya riga shi isa. Ya zauna a kan buhun da ke buɗe, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Haba ɗan'uwa, baƙo da leƙa rumbu? A garinmu sai an ci ake yabon gari. Zauna, ga shi nan tafe a akushi." Direba ya dawo yana cewa, "To, Baba ya kore ni."

Aka kawo tuwon fulawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na sa hannu ina jiran ɗaci da warin damshi. Ban ji ba. Gari ne fari tas, mai daɗi, sabo. Liman ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai ta masu gidan burodi ce ka bayar." Na yi murmushi na sunkuyar da kai, suka ɗauka kawaici ne. Ni na san gari kamar yadda na san tafin hannuna, kuma wannan ba nawa ba ne.

Da muka tashi tafiya, tsohon ya ce in zo in ga rijiyar gonar. Muka ratsa cikin dabinai mu biyu. Sai da muka yi nisa ya tsaya ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina sayar da hatsi kafin yaƙi ya cinye shagona. Buhun kamfani da keke ake ɗinke shi. Naka ɗinkin hannu ne, kuma mai kyau. Ni ma na iya shi."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Baba, to tuwon da muka ci fa?"

Ya ce, "Da muka ji za ku zo, mai ɗakina ta kai bargonmu wa matar maƙwabci, ta karɓo gari kwano biyu. Ta ce mutumin da ya tuna da mu a bainar jama'a ba za a kunyata shi a tabarmarmu ba." Ya dafa kafaɗata. "Naka muna ci. Sau uku ake tankaɗewa. Manya suna iyawa, yara ne dai cikinsu ya ƙi."

A sanyin yankinmu na Fezzan, wanda yake fasa leɓe, tsohuwa ta rabu da bargonta don ta rufa asirin wanda ya aiko wa jikokinta ƙwari. Da zagina tsohon ya yi, da na sami abin cewa, don na iya cacar baki. Amma bai bar mini ko ƙofa ɗaya ba. Na tuƙo mota har Sabha, liman yana ta yabona a kujerar gaba, kowace kalma kamar ana ɗiga mini tafasasshen mai.

Washegari da safe na loda buhu goma sababbi da barguna, na koma ni kaɗai. Tsohon ya zagaya motar, ya shafa bakin buhu ɗaya da yatsa, ya ce, "Wannan ɗinkin keke ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na kwashe tsofaffin na kai wa mai kiwon tumaki kyauta. Bargon tsohuwar kuwa na nemi in karɓo mata, ta aiko cewa ciniki ya riga ya faɗa, a bar wa matar.

Abin da ya fi damuna shi ne ban taɓa gaya wa liman ba. Na yi niyya ya fi a ƙirga, har ya koma gida Nijar ban buɗe baki ba. Har yau in za a yi karo-karo, akan ce a yi koyi da Alhaji mai buhu goma. Iyalan sun watse, wasu sun yi arewa, tsohon ban san inda yake ba.

Abin da na koya shi ne, abin da ba za ka iya sa wa ɗanka a baki ba, in ka ba wani, ba sadaka ka yi ba, shara ka zubar a gidansa kuma ka karɓi godiya. Na tafi Zighan ina ganin ni ne mai bayarwa, ashe ni aka yi wa sutura. Basillar tana nan rataye a ƙusa a sitona, ban sake ɗinki da ita ba, kuma ban yarda a cire ta ba.