Makashi Har Gida

Ranar da gogan naku ya aika wa jama'a makashi, da kofin shayi a hannunsa ya yi aikin, yana ba da labari.

Shi dai mai rubuta manhaja ne a wani kamfanin kai saƙo, kuma yadda bakinsa yake haka layin rubutunsa yake: in ya fara, sai ya fice daga allon kwamfuta bai tsaya ba. Mai duba aikinsa kuwa ƙanwar matarsa ce, wadda duk ofis ke kira Almakashi. A shagon ɗinkin babanta ta tashi, ta yi karatu ta bar keke, amma yankan bai bar ta ba. Teburinta na bakin taga, tabarau a goshi, ba ta ɗaga murya. Layi ya cika tsawo, sai ta dawo maka da shi ta ce, "Raba shi biyu, ido ba roba ba ne."

To, ran nan ta dawo wa gogan da saƙon da ake tura wa masu kaya: "Saƙonka ya iso, za mu aiko maka shi har gida." Cikin fushi ya datse shi daidai kan "maka", ya jefa "shi" layin ƙasa, ya manta bai bar fili a tsakani ba. Kwamfuta, da ba ta san kunya ba, ta liƙe su.

Kafin shayin ya huce, wayoyin ofis sun ɗauki ƙara. Wani dattijo ya kira yana rantsuwa bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wata ta ce ta kulle ƙofa, a faɗa wa makashin ta yafe kayan.

Manaja ya fito yana huci, ya ce wanda ya yi wannan ya tattara nasa ya nasa. Gogan ya soma lissafin abin da zai faɗa wa matarsa. Sai Almakashi ta sauke tabarau ta ce ita ta sa a raba, ita kuma ta wuce da shi ba ta duba ba. In kora ce, su biyu ne. Manaja ba ya iya rabuwa da ita, ya koma yana gunaguni.

Ta danna fili guda, makashi ya koma maka shi.

Maimakon godiya, bakin gogan ya ce, "Kin gani? Da kin bar mini layina da tsawonsa, da ba a kai ga haka ba."

Ba ta ko juyo ba. "Mijin Yaya, layi na ce ka yanka, ba mutanen gari ba."