Dusar da Ta Binne Tawfiq

Yayana Zulkifli gyaran firji yake yi a unguwar Maamobi, amma samari sun ishe shi da tambayar hanyar Turai.

Shi da amininsa Tawfiq sun taɓa hawa duwatsun Italiya da ƙafa, za su tsallaka Faransa. Dusar ƙanƙara ta wuni tana zuba, suka fake. Da rana ta fito suka kama hanya, yadda muke yi a unguwarmu Nima in ruwa ya ɗauke. Ashe a can, sabuwar dusa in ta sha rana zaftarewa take yi. Ta rufta da Tawfiq a gabansa.

Jiya wani saurayi ya sake tambayarsa hanyar. Zulkifli bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Je ka unguwar Alajo wurin mahaifiyar Tawfiq. Har yau ba ta ga kabarinsa ba."